Ni da Bangon Lamba Huɗu

Sallama gare ku, tsofaffin masu bina da waɗanda yau suka fara leƙowa. Kafin komai bari in amsa wa wata da ta rubuto mini wai in ji tsoron Allah in daina ƙarya, a zamaninmu ina aka ga gem, irin wasan nan na na'ura. 'Yar nan, gyara zama. Tun ba a haifi uwarki ba na riƙe abin a hannuna, a Dutse Uku cikin garin Jos, daminar 1978. A kansa aka nemi a kai ni gidan mai magani a turara ni.

Sunana Mariya. Lokacin shekarata ashirin da ɗaya, ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamare kusa da gida. Baba tela ne. Yayana Bala direban babbar mota ne, Jos zuwa Legas, kuma duk tafiyar da ya yi sai ya dawo da wani abin da Inna za ta riƙe haɓa a kai. Wannan karon ɗan akwati baƙi ya kawo, bai fi faifai faɗi ba. Ana maƙala wayarsa a bayan talabijin. Igiya biyu ne suka fito daga jikinsa, kowacce da abin murɗawa irin na rediyo.

Kada ku zaci irin na wayoyinku ne. Babu mutum a ciki, babu mota, babu kala. Farar sanda ce 'yar guntuwa da kake murɗawa ta yi sama ta yi ƙasa, sai ɗigon fari wai shi ne ƙwallo, sai ƙara, tut, tut. Wasanni huɗu ne a jikin maɓallin. Lamba ɗaya tanis. Lamba biyu ƙwallon ƙafa. Lamba uku mutum biyu su yi ta bugawa da bango. Lamba huɗu kuwa kai kaɗai ne, da bango.

Duk Asabar ɗin da Yaya Bala yake gari falonmu cika yake da abokansa, kowa da wando mai faɗin ƙafa da gashi tuli guda, ana ihu a kan lamba biyu har Inna ta aiko a ce musu ba filin ƙwallo ba ne. Ko da wasa ba wanda yake kai maɓallin nan lamba huɗu. Yaya Bala cewa ya yi an saka shi ne kawai don a gwada ko akwatin yana aiki. Wani abokinsa ya ce wasan wanda ba shi da aboki ne. Wannan abokin shi ne Datti, akawu a ma'aikatar gwamnati, ɗan Nasarawa Gwom, dogo, mai wushirya. Tun ranar da ya fara karɓar kofin shayi a hannuna ya ce "sannu Malama" na san na shiga uku. Ba zan ɓoye muku ba, ina son sa. Ba wanda ya haɗa ni da shi, ni na gani na ce ina so.

Sau ɗaya muka taɓa buga tanis ni da shi, Yaya Bala yana zaune. Na ci shi sha biyar da tara. Ina ta murna har sai da na lura yana kawar da sandarsa da gangan, yana murmushi, wai kada ran Malama ya ɓaci. Wallahi ji na yi kamar ya watsa mini ruwan wanke-wanke. Washegari da na dawo daga makaranta na tarar falo ba kowa, na murɗa maɓallin nan har ƙarshe.

Ku da kuke raina lamba huɗu, ban ga laifinku ba, ba ku zauna da shi ba ne. Bango ba ya jin kunyata. Ba ya bar mini don ni mace ce, ba ya fushi don na ci shi, ba ya cewa hannunsa ne ya zame. Yadda na buga ƙwallon haka zai dawo mini da ita. In na buga a karkace ta dawo a karkace, in ta wuce ni to ni ce na yi sake. Akwai wani ɗan maɓalli da yake rage tsawon sandar, da wani da yake ƙara wa ƙwallon gudu, samarin nan ba su taɓa yarda an taɓa su ba. Ni duka biyun nake kunnawa. Na taɓa mayar da ita sau ɗari biyu da goma sha ɗaya ba ta wuce ni ba, ina ƙirgawa da bakina, ƙanƙara tana dukan kwanon rufi, tafin hannuna duk gumi.

A lokacin tashar talabijin ba ta buɗewa sai bayan la'asar. Kafin nan in ka kunna ba abin da za ka gani sai yayyafin fari da baƙi. Ni kuma ƙarfe biyu na dawo, na yi azahar, na ci abinci, na wanke kwanuka. Sai in cire mayafin saƙa da Inna take rufe talabijin da shi, in buɗe ƙofofinsa na katako, in zauna a ƙasa in miƙe ƙafa. Kuma ni bakina ba ya shiru in ina wasa.

"Ka yi ƙarya! Dawo da ita in gani!"

"Yau ni da kai ne, wallahi ba inda za ni."

"Haba, ka cuce ni!"

Haka nake yi wa bango, wani lokacin har da dariya. Taga a buɗe take saboda haske, ni ko a jikina.

Cikin watan bakwai manyan Datti suka zo gaisuwa da goro, Baba ya amsa musu. Saura sa rana. To kun san al'ada, kafin a sa rana dangin miji sai sun yi bincike, su bi unguwa suna tambayar halin yarinya da na gidansu. Wadda ta ɗauki wannan aikin ita ce Gwaggo Hassana, yayar mahaifinsa. Ita ta riƙe shi tun uwarsa ta rasu yana ɗan shekara huɗu, kuma a gidansu in ta ce a'a, an gama magana. Ban damu ba ko kaɗan. Me za a ce na yi?

Dina ce ta fara gaya mini. Tare muke koyarwa, 'yar asalin Filato ce, ita take kai mini takarda wurin Datti saboda hanyarta ta gida ta gaban ofishinsu take bi. Ranar Litinin da aka fita hutun tara ta ja ni bayan aji, ko gyaɗar da ta saya ba ta ɓare ba.

"Mariya, wani tsohuwa ya zo wajen Hedimasta ranar Juma'a. Yana tambaya ko kina faɗuwa a aji."

"Faɗuwa kamar yaya?"

"Irin na iska. Ko kina magana ke kaɗai. Hedimasta ya ce shi bai gani ba. Amma a unguwanku an gaya masa kina da miji a cikin telebijin."

Na fashe da dariya har na dafa bango. Dina ba ta yi dariya ba.

Ashe Binta ce, matar maƙwabcinmu, katanga ɗaya ta raba mu. Wata rana ta shigo aron rariya, ta bi ta gefen taga, ta ga ni kaɗai a falo. Tasha ba ta buɗe ba amma akwai abu yana yawo a gilashi. Igiya biyu, ɗaya a hannuna, ɗaya a yashe a ƙasa ba mai riƙe da ita, amma duk bugun da na yi ana dawo mini da shi. Ga shi ina cewa "yau ni da kai ne". Ta taɓa leƙa samari suna yi, ta san wasan na mutum biyu ne. To wane ne na biyun? Ba ta tambaye ni ba. Ta gaya wa mai kitso, mai kitso ta gaya wa matar mai nama, kafin Gwaggo Hassana ta iso unguwar labarin ya yi kiɓa. Wai aljani ne ya aure ni, shi ya sa na kai ashirin da ɗaya a gida. Wai kullum tsakanin azahar da la'asar yake zuwa.

Da na koma gida na tarar talabijin a rufe, akwatin ba ya nan. Inna tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno tana fere dankali, idonta ja.

"Inna, ina akwatin Yaya?"

"Yana inda yake. Zauna."

Na zauna. Ta ce Gwaggo Hassana ta aiko. Ba ta ce an fasa ba, amma ta kafa sharaɗi biyu. A fitar da akwatin daga gidan a fasa shi. Sannan a kai ni wurin wani malami da ta sani, in kwana bakwai ana yi mini turare da rubutu. In an gama, a sa rana.

"Ba za ni ba."

"Ke, ki rufa mana asiri. Hayaƙi ne fa kawai. Wa hayaƙi ya taɓa kashewa?"

"Inna, ke kin yarda ina da aljani?"

"Ni na haife ki, in kina da shi ai ni zan fara sani. Taurin kai ne aljaninki."

"To in na je na kwana bakwai, me za a ce? Za a ce ba ni da shi? Cewa za a yi an cire mini. Gobe in na yi zazzaɓi a gidan miji a ce ya dawo. In na yi ɓari a ce shi ne. In na ɗaga murya a ce ku ƙyale ta, mutanenta ne. 'Ya'yana ma sai an nuna su da baki. Kwana bakwai ne a wurinku, ni har in mutu ne."

Inna ta jefa wuƙar cikin kwano. "Saboda wannan abin banza mai tut-tut za ki rasa miji? Abin da ko mazan ba sa yi? Su da suka san daɗinsa ma lamba biyu suke yi!"

"Ba abin banza ba ne a wurina. Kuma ko na banza ne, ban yi laifi ba."

Ta ce in tashi in ba ta wuri. Na tashi, na shiga ɗaki na yi kuka, don kada ku ɗauka zuciyata dutse ce. Tsoro nake ji. Ina ganin Datti yana sulluɓe mini. Amma da na tuna wai ni za a lulluɓa da bargo a kan kasko ina tari, mata suna leƙe, sai kukan ya koma haushi.

Abin da ya riƙe ni guda ɗaya ne. Datti ya san akwatin nan ciki da waje. Hannunsa ya fi na kowa daɗewa a kan abin murɗawar. Shi da bakinsa ya yi wa lamba huɗu suna. Kalma biyu zai faɗa wa gwaggonsa a wuce wurin. Yaya Bala yana hanyar Legas, ba a sa ran shi sai bayan mako biyu, don haka Datti nake jira.

Ranar Talata Dina ta kawo mini takardarsa, shuɗiya, an ninke ta huɗu, tana ƙamshin turarensa.

"Malama Mariya, bayan gaisuwa mai yawa. Na ji abin da ke faruwa, raina bai yi daɗi ba. Ni na san lafiyarki ƙalau. Amma kin san tsofaffi, ba a ja da su. Ki daure ki yi abin da Gwaggo ta ce don a zauna lafiya. In mun tare zan sa a kawo miki wani daga Legas, mu riƙa yin tanis tare. Naki har kullum, Datti."

Sau uku na karanta. Tanis! Wanda zai riƙa bar mini ina ci. Na juya bayan takardar na rubuta masa da jan biron da nake duba aikin yara.

"Malam Datti, tunda ka san lafiyata ƙalau, ba ni ya kamata ka gaya wa ba. Gwaggo za ka gaya wa."

Dina ta karanta ta ware ido. "Ba gaisuwa?"

"Kai masa haka."

Da yamma na saka gyale na tafi shagon Baba, abin da ban saba ba. Na tarar da shi yana yanka shadda, tef a wuya. Baba ba mai yawan magana ba ne, kuma tun da abin ya taso bai ce uffan ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce alfarma ɗaya nake nema. A roƙi Gwaggo Hassana ta zo gidanmu ranar Alhamis ƙarfe biyu, daidai lokacin da aka ce aljanin yana zuwa. A kira Binta ma. In Gwaggo ta gani da idonta ta ce har yanzu sai an turara ni, to a mayar musu da goronsu.

Baba ya ajiye almakashi. "Kin san abin da kike faɗa? A mayar da goro?"

"Na sani, Baba."

"Kina son yaron nan?"

Na sunkuyar da kai. "Ina son sa."

Ya sake ɗaukar almakashin. Sannan ya ce, "Gani ya kori ji. Je ki gida, zan aika."

Ranar Alhamis ban yi shigar marar lafiya ba. Na ɗauko atamfata mai ganye kore da ruwan goro, na kafa ɗauri, na sa kwalli, na sa 'yan kunnen da nake zuwa biki da su. Inna ta kalle ni ta ce sai ka ce ni za a kai ɗaki. Ta fito da akwatin daga cikin babbar kwallarta ta saman kabad, ta miƙo mini da yatsu biyu. Baba ya rufe shago ya dawo. Binta ta shigo tana raɓe-raɓe, ta zauna can bakin ƙofa inda gudu zai yi mata sauƙi.

Biyu da kwata tasi ta sauke Gwaggo Hassana. Datti ya biyo ta a baya a kan Vespa, ya jingine ta a ƙofar gida ya zauna a zaure, bai shigo ba. Gwaggo gajeruwa ce, fara, ta yafa farin mayafi, carbi a hannun dama, tana warin tafarnuwa da ta shafa tun daga gida saboda tsari daga aljanu. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Ta amsa tana duban ƙwayar idona, ko za ta ga wani a ciki.

Na kunna. Talabijin ya ɗauki zafi, farin layi ya fito, ɗigon ya taso. Tut.

"A'uzu billahi," in ji Gwaggo. Binta ta ja ƙafa.

Na buga, ta dawo. Na buga, ta dawo.

"Tsaya. Wa ya dawo miki da ita?"

"Bango ne, Gwaggo. Wancan farin layin."

Na ɗauki lemon tsami a kan tebur na jefa jikin bangon falo, ya dawo ya gangaro gabanta. Na ce kin gani, haka ne.

Tsohuwar nan ba ta da sauƙi. Ta ce, "Wannan bango na bulo ne, na taɓa shi na ji. Wancan haske ne. Tun da nake ban taɓa ganin haske ya tare abu ba. Ga igiya can a ƙasa ba kowa. Yarinya, kada ki mayar da ni ƙaramar mutum."

Ban san yadda ake bayanin abin da ke cikin akwatin ba, har yau ma ban sani ba. Inna ta fara matsa yatsu. Na miƙa wa Gwaggo abin murɗawar.

"Gwaggo, in aljanina ne, ni kaɗai ya sani ko? Ba zai yi wasa da ke ba, ga carbi a hannunki, ga ayatul kursiyyu kin karanta tun daga zaure, na ji ki. Karɓi. In ya ƙi dawo miki da ita, gobe da kaina zan tafi gidan malamin."

"Mariya!" in ji Inna.

Gwaggo ta dube ni, ta dubi Baba. Baba ya kalli silin. Ina jin ba a taɓa ƙure ta a gaban mutane ba, kuma ba irin matan da suke ja da baya ba ce. Ta mayar da carbin hannun hagu, ta yi bisimilla, ta karɓa. Na mayar mata da doguwar sanda, na rage gudun ƙwallon.

Ta farko ta wuce ta. Ta biyu ta wuce, sandar tana can sama ta maƙale saboda ta murɗe da ƙarfi kamar mai buɗe famfo. Na ce a hankali, Gwaggo, kamar kina neman tasha a rediyo. Ta shida ta wuce. A ta bakwai sandar ta taɓa ɗigon. Tut. Ya tafi, ya bugi layin, ya juyo.

"Ga ta nan, ga ta nan!" in ji Inna, ta manta da kanta.

Gwaggo ta tare. Ta sake tarewa. Mayafi ya zame daga kafaɗarta ba ta sani ba. A ta huɗu ƙwallon ta zo a karkace ta bi ta ƙasan sandar.

"Kai! Ɗan banza, ta nan ka biyo? Dawo da ita ka gani!"

Sai Baba ya yi tari, tarin ya zama dariya. Gwaggo ta ji abin da ya fito daga bakinta, ta rufe baki da hannun carbi, kafaɗunta suna rawa. Ta juya wajen ƙofa.

"Ke ce Binta? Wannan ne aljanin? To ni ma ga shi ya aure ni."

Binta ta ce ita wallahi abin da ta gani ta faɗa, a yafe mata. Ta tashi wai ta bar tukunya a wuta.

Na ci. Ba wanda ya bar mini, da kaina na ci. Gwaggo ta gyara mayafi ta kamo hannuna, ta ce in yi haƙuri, ita amana aka bar mata, dole ta duba inda za ta kai shi.

"Da yaron nan ya san abin ai da ban wahalar da ke ba," in ji ta. "Sau biyu ina tambayarsa. Na ce kai da kake abota da yayanta, ka taɓa ganin wannan akwati? Ya ce shi bai taɓa ganinsa ba, iyakarsa zaure."

Ban san lokacin da na zare hannuna ba.

"Ya ce bai taɓa ganinsa ba?"

"Haka ya ce."

Inna ta kalle ni da idon roƙo. Na gane abin da take nufi, an samu abin da ake so, a rufe tukunya. Amma ni sai na juya wurin Baba.

"Baba, don Allah a kira shi."

Ya shigo da sallama, ya cire takalmi, ya tsuguna gefen ƙofa. Farar riga ce a jikinsa mai dogon hannu, an goge ta har tana sheƙi. Ko a lokacin sai da zuciyata ta motsa da na gan shi, kuma na ji haushin kaina.

Ban yi masa tambaya ba. Igiyar da take ƙasa na ɗauka na ajiye a gabansa. Jikin abin murɗawar akwai inda fentin ya goge, wurin babban yatsa.

"Gwaggo, duk Asabar ɗin da Yaya Bala yake gari, wannan a hannunsa take wuni. Inna ce shaida, ita take dafa musu shayi."

Gwaggo ta juya gaba ɗaya. "Datti?"

Ya kalli tabarma. Da ƙyar ya ce, "Gwaggo, na san ba kya son wasanni. Kin sha cewa duk caca ce. Na ji tsoron ki ce na lalace."

"Sai ka bari a ce 'yar mutane tana da iska?"

"Na ga kamar abin zai wuce ne."

Gwaggo ta yi salati ta tafa hannu. Ta zage shi tas, ta ce ya ba ta kunya, ta ce in sun koma gida zai gane kurensa. Sannan ta juya wurin Baba ta sassauta murya. Ta ce yaro ne, kuskure ne, ita ta janye sharaɗinta duka biyun, a sa rana bayan ƙaramar salla in Allah ya kai mu.

Baba ya ɗago kai. Ni ya kalla. A gidanmu ba a taɓa tambayar 'ya mace irin wannan a gaban baƙi ba, amma ya kalle ni, kuma ya jira.

"Baba, sun yi bincikensu sun gama," na ce. "Ni ma a ba ni lokaci in yi nawa."

Inna ta ce inna lillahi. Gwaggo ta dube ni, ba ta yi fushi ba, ta ce, "Kin fi shi gaskiya." Ta tashi, Baba ya raka ta ya tsayar mata da tasi.

Na shiga ɗaki na cire ɗaurin na zauna a bakin gado. An yi la'asar, tasha ta buɗe, ina jin kiɗan buɗewar daga gidan wasu. Can Inna ta ɗaga labule.

"Yana zaure har yanzu. Ya ce ba zai tafi ba sai ya gan ki. Mariya, namiji ya tsuguna, me kike so kuma?"

Ina so in fita. Allah ya sani ƙafafuna har sun taka ƙasa. Ina so in ga wushiryar nan, ya ce Malama yi haƙuri, in ce ya wuce. Na riƙe ƙarfen gado.

"Inna, ki ce masa ba ni zai gani ba. Ya shiga gidan su Binta ya yi sallama da mijinta, ya faɗa da bakinsa cewa ya san akwatin, ya sha bugawa, kuma ya yi shiru. Daga nan ya je wurin mai nama. Gobe ya je wurin Hedimasta. Duk inda sunana ya shiga ya bi shi ya fito da shi. In ya gama ya dawo, zai same ni."

"In ya ƙi fa?"

"To binciken ya ƙare."

Inna ta saki labulen. Na ji takunta har zaure. Na ji muryarta ƙasa-ƙasa, na ji shiru. Na matsa jikin taga na kasa kunne, ina addu'ar in ji sallamarsa ta bayan katanga. Daga zaurenmu zuwa ƙofar su Binta taku goma ne, ba a bukatar abin hawa.

Sai na ji an tayar da Vespa.